Yatsu Takwas a Kan Kibod

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar labarina. Wata baiwar Allah ta aiko mini da saƙo, wai me ya sa nake ta zagaye-zagaye ba na faɗin abin da ya samu hannuna. Gaskiyarta. Yau zan faɗa, don in ba ku san hannun ba, ba za ku gane yadda Irfan ya shigo rayuwata ba.

Sunana Maijidda. A Kafanchan aka haife ni, Babana ɗan kasuwar citta ne, kakansa ma a cikin kasuwar nan ya tsufa. Ina 'yar shekara tara Inna ta aike ni markaɗen wake, bel ɗin inji ya kama hannun rigata ya ja. Daga asibiti na dawo babu ƙaramin yatsana na hagu da wanda ke kusa da shi. Tun daga lokacin na ƙware a ɓoyo. Mayafina kullum a naɗe yake a hannun hagu, kamar mai jin sanyi. Ranar sallah ƙannena su miƙa hannu biyu a zana musu lalle, ni in miƙa ɗaya in ce sauri nake.

Da na gama sakandare na shiga makarantar koyon tafireta. Ban daɗe ba. Ku duba wayarku ko kwamfutarku ku ga inda harafin a yake. Can ƙarshen hagu, daidai wurin yatsan da ba ni da shi. Ita kuwa Hausa ba ta iya tafiya taku biyu ba tare da a ba. Malamin ya kalle ni da tausayi ya ce in gwada ɗinki.

A shekarar casa'in da bakwai na samu aiki a shagon Madam Roseline, kusa da tashar jirgin ƙasa. Madam 'yar Kagoro ce, tsohuwar sakatariya, doguwa mai son atamfa shuɗiya da ɗaurin ɗankwali babba. Hausarta irin ta garinmu ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu. Fotokwafi ta ɗauke ni in riƙa yi. Amma akwai kwamfuta guda a kusurwa, an lulluɓe ta da farin ƙyalle, kuma yarinyar da ke bugawa ta yi aure ta tafi Jos.

Wata rana Madam ta ce, "Maijidda, ka zauna ka gwada mana."

Na ce, "Madam, hannuna."

"Hannunka ya yi me? Ba dambe na ce ka yi ba. Ka zauna."

Na zauna. Kwamfuta ta fi tafireta tausayi, ba ta son ƙarfi, taɓawa kawai. Na koyi jan hannun hagu gefe in bugi a da yatsan tsakiya. Inda na sha wuya shi ne wurin haɗa maɓallai. Ka danne wannan ka riƙe, ka bugi wancan, wani lokaci ma uku a tare. Wanda ya tsara abin ya ɗauka kowa yatsu goma gare shi. Ni sai in murɗa wuyan hannu, ko in saki komai in koma maus ina laluben abu a saman allo. Kafin la'asar jijiyar hannuna ta ɗauki zafi har gwiwar hannu.

Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa. Yawancin aikinmu na Hausa ne: katin ɗaurin aure, takardun waƙoƙin sujada, sanarwar zumuntar mata, wa'azin Islamiyya. Kwamfutar ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba. Sai mu buga b da d da k, bayan takarda ta fito daga firinta in ɗauki baƙin biro in bi layi-layi ina ɗora musu ƙugiya. In na tsallake ɗaya, ƙasa ta koma kasa, ɓarawo ya koma barawo, mai aiki ya dawo yana faɗa.

Irfan ɗan ƙanwar Madam ne. Mahaifinsa, marigayi Malam Sambo, Musulmi ne ma'aikacin reluwe, mahaifiyarsa kuwa har yau tana zuwa cocinta. A da ba wanda ya damu da irin wannan a garinmu, sai bayan rikicin tamanin da bakwai mutane suka fara lura da uwar wane da uban wane. Irfan ya yi karatu a Kaduna, ya dawo yana yawon gyaran kwamfuta da wata baƙar jaka a kafaɗa. Siriri ne, mai tabarau, rigarsa kullum da guga amma takalminsa kullum da jar ƙasa.

Ranar da ya fara ganina a kan kwamfutar, ya zo duba firinta ne. Na ji shi tsaye a bayana, nan da nan na ja mayafi na rufe hannun.

Ya ce, "Malama, ci gaba mana. Ba aikin nake dubawa ba, hannun nake kallo."

Kun ji fa. Duk rayuwata mutane iri biyu na sani, masu ƙura wa hannun ido a sace da masu kawar da kai da sauri kamar sun ga tsiraici. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya ce kai tsaye shi yake kallo ba. Raina ya ɓaci, na ce, "Ba abin kallo ba ne."

"Yi haƙuri. Ina nufin yadda kike murɗa shi. Wane maɓalli ne ya fi ba ki wahala?"

Na ƙara jan mayafin a kan hannun. Ya jawo kujerar roba ya zauna nesa kaɗan, yana jira. Da na ga ba tafiya zai yi ba, na fito da hannun na nuna masa. Nan, da nan, da lokacin da zan adana aiki, da lokacin babban baƙi.

Ya nuna layin maɓallan da ke can saman kibod, waɗanda aka rubuta wa F da lamba. "Waɗannan kina amfani da su?"

"Madam ta ce kar a taɓa."

Daga bayan kantar shagon Madam ta ce, "Ni ma haka aka gaya mini."

Ya yi dariya. Ya ce yawancinsu zaman banza suke yi a aikinmu, kuma ana iya ba kowanne aikin da ake so. Da yammar nan bai taɓa firintar ba. Ya sa ɗaya ya zama na adana aiki, ɗaya na aikawa firinta, ɗaya na kaurara rubutu, ɗaya na ja masa layi. Ya gyara wani abu a ciki, yadda in na taɓa Shift na saki, kwamfutar za ta jira ni in bugi harafin, ba sai na riƙe ba. Ya yanki farin salatif ya manna a saman layin, ya rubuta aikin kowanne da ƙaramin rubutunsa.

Da ya sake zuwa, ya zo da wani ɗan faifai daga Jos, wurin abokinsa da ke aiki da masu fassara littattafan coci. A ciki akwai haruffanmu. Ya ba ɓ maɓallinta, ya ba ɗ, ya ba ƙ, a ƙarshen layin ta dama.

Ya ce, "Rubuta wani abu."

Na rubuta ƙasa. Ƙugiyar ta fito a kan allo da kanta, tsaf, ba biro. Na rubuta ɗan'uwa, na rubuta ɓera, na rubuta ƙanƙara. Madam ta zo ta leƙa ta kafaɗata ta ce, "Yesu Ubangiji. Ka ga abu kamar littafi."

Ban san yadda zan bayyana muku ba, ku da kuka taso kuka tarar da waya tana gyara muku rubutu. Taɓawa ɗaya a maimakon uku ƙaramin abu ne. Amma ku tara shi daga safe zuwa yamma. Na daina komawa gida da hannu a kumbure. Aikin da ke cin yini ya koma na rabin yini. Ɗaliban kwaleji suka fara cewa a kai wa yarinyar Madam, limamai da fastoci suka fara aiko da aikin Hausa daga ƙauyuka. Kuma, ban ma lura da ranar da abin ya faru ba, na daina naɗe hannuna in ina gaban kwamfuta.

A gida kuwa wata magana ce ke tafasa. Yaya Ubaidullahi, ɗan abokin cinikin Baba, ya nuna yana sona. Kar ku zaci mugu ne, wallahi ba mugu ba ne. Mutum ne mai natsuwa, yana kai citta Legas, yana zuwa zance da farar shadda da ƙamshin turare, ya zauna a zaure ya tambayi lafiyar kowa har kakata. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda Inna ke faɗin maganarsa.

Tana tankaɗen garin masara a tsakar gida za ta ce, "Ya ce ya ji ya gani fa, Maijidda. Ya san da hannun, ya ce ba komai. Irin wannan ba kullum ake samu ba."

"Inna, ni kayan da ya yi tabo ne da za a ce an ji an gani?"

"Ke dai kin cika fassara. Ni uwa ce, in ban faɗa miki gaskiya ba wa zai faɗa?"

Ina kallonta ina ganin tsoron da take ɗauke da shi tun ranar da ta aike ni markaɗe. Ba ta taɓa yafe wa kanta ba. So take ta ga wani ya karɓe ni, ko nauyin ya sauka daga ƙirjinta. Shi ya sa ba na iya yi mata tsawa, sai in shige ɗaki in kwanta a kan katifa ina kallon kwanukan da ta fara jera mini a saman kabad.

Irfan fa? Irfan bai taɓa ce mini komai ba. Zai zo ko ba abin da ya lalace, ya ce hanya ce ta biyo da shi. Ya kawo gasasshiyar masara ya ajiye a gefen tebur. In yana Jos ya bugo wayar shago, ya gaisa da Madam, sannan ya ce a ba Malama Maijidda, ya tambaye ni ko maɓallan suna aiki. Suna aiki, in ce. To madalla, ya ce. Sai mu yi shiru mu biyu muna jin ƙarar layi, har Madam ta ce, "In kun gama gaisawa da numfashi, ka ajiye mini waya."

Cikin damina aka kawo mana babban aiki, littafin waƙoƙi da tsarin taron zumuntar mata da za a yi a Samaru Kataf, duka da Hausa. Ina tsakiyar aikin aka ɗauke wuta, ta dawo da ƙarfi. Na ji 'yar ƙara, sai warin ƙuna. Allon ya yi baƙi. Irfan yana can wajen Jere, ba wayar da za a same shi.

Madam ta aro kwamfutar wani ɗan cocinsu, Martins. Na zauna, hannuna ya tafi saman kibod da kansa, na danna wurin adana aiki, sai wani akwati ya buɗe da ban taɓa gani ba. Na danna wurin ƙ, wani abu daban ya fito. Babu ko ɗaya. Duk abin da nake taƙama da shi ashe a cikin waccan ƙonanniyar yake zaune, ba a kaina ba.

Na sake aikin daga farko, da murɗa hannu, da biro. Matan suna jira, ba halin tsayawa. Ranar da na gama, hannun ya kumbura har ban iya rufe shi. Da yamma ana yayyafi Yaya Ubaidullahi ya tsaya da motarsa a ƙofar shago, Inna ce ta roƙe shi ya ɗauko ni. A hanya ya tsaya a kemis ya sayo man zafi ya miƙo mini, idonsa a kan titi.

Ya ce, "Maijidda, ba na son ganinki cikin wahalar nan. In Allah ya yi, ba za ki sake taɓa wani inji ba. Ki zauna ki huta, duk abin da kike so ni zan yi miki."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Na yi godiya. Amma ina zaune a motar ina jin maganar tana danne ni kamar bargo a lokacin zafi. A raina na ce, shi zai yi mini komai, Irfan ma ya yi mini komai, ga shi ɗayansu ya yi tafiya na koma 'yar shekara tara.

Da Irfan ya dawo ya ga abin da ya faru, hankalinsa ya tashi. Ya gyara kwamfutar Madam, ya sa mata sabon abin ajiya, ya naɗe hannun riga ya ce, "Ba ni wuri in mayar miki da maɓallanki."

Ban tashi daga kujerar ba. Na ce, "A'a. Koya mini."

"Ai ba sai kin wahala ba. Duk lokacin da suka ɓace ni zan zo in..."

"Da suka ɓace kana ina?"

Na ga maganar ta taɓa shi, har na so in janye ta, amma ban janye ba.

A hankali ya ce, "In kin iya, me zai riƙa kawo ni?"

Ya faɗa kamar wasa, yana goge tabarau da bakin rigarsa. Na jira ya ƙara ko kalma ɗaya. Bai ƙara ba. Ya mayar da tabaraun ya jawo kujerar roba.

Ya nuna mini inda ake shiga, yadda ake zaɓar aiki a ɗaura shi a kan maɓalli, yadda ake kwafe tsarin duka a faifai a ajiye, in wata kwamfutar aka samu a zuba mata. Na yi, na ɓata, na sake. Da hannuna ya faɗa, sai na fara sauya abubuwa. Na ɗauko ƙ da ɗ na dawo da su tsakiya inda manunina ke kaiwa ba miƙewa, don su suka fi yawa a rubutu. Na kai na firinta can ƙarshe, tunda sau nawa ake bugawa a yini. Na ƙirƙiri nawa sabo, taɓawa ɗaya ya zubo dukan gaisuwar da ake buɗe katin ɗaurin aure da ita, wani kuma ya zubo sunan shago da adireshi.

Irfan yana kallo ya ce, "Ashe ba nan kike son su ba tun farko."

"Ka tambaye ni inda ke mini ciwo. Ba ka tambayi inda nake so ba."

Ya daɗe yana kallon kibod ɗin. Sannan ya ce, "Gaskiya ne," ya ɓare tsohon salatif ɗin ya miƙo mini sabo da biro. Ni na rubuta da hannuna.

A makon nan Baba ya kira ni bayan la'asar. Yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, rediyo a gefe, ƙamshin citta na tashi daga rigarsa kamar kullum. Inna tana bakin madafi, ta rage motsin muciya don ta ji.

Ya ce, "Mutanen Ubaidullahi suna so su zo tambaya. Ban ba su rana ba. Ni ba zan ba da ke kamar buhu ba, Maijidda. Akwai wanda kike so ne?"

Da na ce babu, da shi ke nan, kuma ba na jin da na yi rayuwar baƙin ciki. Na kalli tabarmar, na kalli hannuna da ke kan cinyata a buɗe. Sai na ji bakina ya ce, "Akwai, Baba."

Muciyar Inna ta tsaya.

"Wane ne?"

"Irfan. Ɗan marigayi Malam Sambo na reluwe."

Baba ya rage muryar rediyo. "Wanda uwarsa 'yar Kagoro ce."

"Shi."

"Na san ubansa, mun yi sahu ɗaya a masallacin tasha. Kawunnanki za su yi magana a kan uwar, kin sani." Ya dube ni. "Ya ce yana sonki?"

Nan ne ƙasa ta so ta tsage da ni. Ban yi masa ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya duka ba. Na ce, "Bai saba yawan magana ba."

Inna ta ce, "Inna lillahi. Malam, ka ji fa. Za ta saki wanda ya zo da ƙafarsa saboda wanda bai buɗe baki ba."

Baba ya ɗaga mata hannu. Ya ce da ni, "Ki ce ya same ni a rumfa ranar Asabar. In bai zo ba, zan ba mutanen Ubaidullahi rana, kuma ba na son in ji wata magana."

Washegari na sa atamfata mai ruwan ganye, na yafa mayafi a kafaɗa na tafi shago. Na kasa buga ko layi ɗaya daidai. Madam ta dube ni ta dube ni, ta ce, "Yau ka sha wani abu ne?" Wajen sha ɗaya sai ga shi da baƙar jakarsa, wai hanya ce ta biyo da shi. Ya durƙusa a bayan tebur yana duba wayoyin da ba abin da ya same su.

Na ce, "Malam Irfan."

"Na'am."

"Babana yana son ganinka ranar Asabar, a rumfarsa."

Ya ɗago, sukundireba a hannu. "Kwamfuta ya saya?"

"A'a. Ya tambaye ni ko akwai wanda nake so, na ba shi sunanka."

Injin fotokwafi ya tsaya, Madam ce ta kashe shi. Irfan ya miƙe a hankali har kansa ya bugi gefen tebur, bai ko shafa wurin ba.

Da ƙyar ya ce, "Maijidda... in na je, me zan ce masa?"

Ranar ce ya fara kiran sunana ba Malama. Na juya ga allo na ɗora yatsuna takwas a kan kibod, don kar ya ga idona.

Na ce, "Abin da ba ka faɗa mini ba."